Bakina Ne Ya Buɗe Rumbun Sarkin Noma

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu baki ɗaya. Sannunku da zafi, sannunku da wannan shekara da Allah ya jarrabe mu da ita, Allah ya sauko mana da ruwa mai albarka. Don girman Allah Anti ki sakaya sunana, sunayen da zan ambata a ciki ma ba na gaskiya ba ne. Ku kuma masu karatu ina roƙonku ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, domin auren wata baiwar Allah ne ke gab da mutuwa murus saboda bakina, alhali ita ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Ni 'yar Zinder ce, haifaffiyar unguwar Birni. Gidanmu Barebari ne, kakanni fatake, babana ma'aikaci. Ban taɓa riƙe hauya ba, gero kuwa a buhu na san shi. Da na gama jami'a aka turo ni sarbis sibik, wato hidimar ƙasa, a wata lise, babbar sakandare, da ke nan cikin gari, aka ba ni Faransanci a ajin tarminal, wato ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar bak ta shiga jami'a. Tun ina ƙarama kowa ya san ni da baki. Ba na ƙarya ba, a'a, na rashin haƙuri. In na ga ana cutar wani, kafin hankalina ya iso bakina ya riga ya gama aiki. Kakata, wadda a ɗakinta na tashi, ta sha ce mini ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa in yi dariya in ce tsufa ne ke damunta.

A ajina akwai 'yan ƙauye da yawa. Wanda bai san tsarin ba, ga yadda yake: yaro in ya ci jarrabawa a ƙauye aka turo shi birni, ubansa kan nemo masa mai masauki, galibi ɗan garinsu da ya zauna a nan, sai bayan kaka uban ya riƙa aiko da gero gidan a matsayin abincin yaron. To damina biyu ke nan a jere ba a samu komai ba. Geron ya daina zuwa, fuskokin masu masauki suka canja, yaran suka fara zuwa aji da leɓe a bushe. Ana cikin darasi sai ki ga kan yaro ya kife a tebur. Kuma ko za ki yanka ɗayansu ba zai ce miki yunwa yake ji ba, sai ya ce ciwon kai ne. Da na gane haka sai na ƙirƙiro bitar yamma a ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke bayan aji, ina zuwa da ƙwaryar fura daga gidanmu, in ce musu mamata ce ta dama ta yi yawa, su taimake ni kada ta lalace. Sun sani, na san sun sani, amma a haka muka rufa wa juna asiri. A nan suka saba da ni har suka fara gaya mini abin da ba sa gaya wa kowa, ni kuma kaina ya fara girma, ina jin ni ce uwar marayu.

A cikinsu akwai wanda zan kira Sanusi, daga wani ƙauye ta wajen Hamdara. Dogo ne, marar magana, kuma duk ajin babu mai kansa. Shi ne ɗan fari a gidansu. Ubansa shi ne Sarkin Noman garinsu, mutumin da ake kwatance da rumbunsa har a ƙauyukan kewaye. Yaran garin su suka ba ni labarin rumbun da alfahari, wai tun zamanin kakan Sanusi ba a taɓa ganin gindinsa ba, kuma al'adar gidan ce duk shekarar da mutane suka cinye irin shukarsu, ranar da ruwan farko ya sauka Sarkin Noma zai ɗage jinka ya raba wa kowane gida iri. Shi ya sa bana, da ƙauyuka ke ta watsewa, wasu kudu wasu arewa, mutanen garinsu suka zauna daram suna cin anza da jiga, abincin daji na lokacin yunwa, suna kallon rumbun nan suna jiran hadari.

Bayan wani ɗan hutu da aka yi, Sanusi ya dawo ba shi ba. Ya rame, ya daina ɗaga hannu, furar ma sai ya kurɓa sau ɗaya ya miƙa wa na kusa. Na tambaye shi ya ce lafiya lau. Na sake tambaya ya ce ba komai Madam. Da mai hankali ce da ta ƙyale shi, amma ina! Na tsare shi wata yamma bayan sauran sun watse, na yi ta nacin tsiya, na ce ashe bai ɗauke ni yaya ba, ashe duk zaman da muke yi na banza ne. Sai da na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce zai faɗa, amma amana ce tsakanina da shi da Allah. Na ce na karɓa. Ni da bakina na ce na karɓa.

Ya ce a hutun, ranar da kowa ya tafi kasuwar ƙauyen maƙwabta gari ya yi shiru, ubansa ya kira shi ya ce ya ɗauko tsani. Suka hau, uban ya ɗage jinka ya ce duba. Dammunan gero 'yan kaɗan ne a jere a sama, ƙarƙashinsu kuwa har ƙasa kara ne da ƙaiƙayi. Ashe tun farin bara magidanta ke zuwa wurinsa ɗaya bayan ɗaya a ɓoye, kowa da kukansa, shi kuma ba ya iya cewa babu. Kowa yana zaton shi kaɗai aka ba. A haka rumbun ya ƙare, shi kuma ya riƙa cusa kara don kada jinka ta zauna a gane. Uban ya ce masa ya nuna masa ne don shi ne babba, in ta Allah ta kasance kada ya sha mamaki. Ya ce yana da dabara: ya aika a sayar masa da shanun nomansa can nesa inda ba a san shi ba, ƙanensa da ke cin rani kuma ya yi alkawarin taimako, kafin ruwa ya sauka zai sayo iri ya zuba, babu wanda zai taɓa sani. Lokaci kawai yake bukata. Ya kuma ce masa, maganar nan in ta fita ta bakinsa, to ya nemi wani uban. Sanusi ya ce tun ranar ba ya iya barci, ba ya iya karatu, in bai gaya wa wani ba kansa zai fashe. Na lallashe shi, na ce ya kwantar da hankalinsa, maganar ta mutu a nan.

Ba a daɗe ba sai ga mai masaukinsa ya zo makaranta, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ɗan asalin garinsu. Ni aka nuna masa don an san ni ce ke kula da 'yan ƙauye. Muka tsaya mu biyu a bakin aji, rana tsaka, yara sun fita. Ko gaisuwar kirki bai bari mun gama ba ya ce ya zo ne ya sanar, a nema wa yaron nan wani wuri, shi ya gaji. Na ce Alhaji jarrabawa ta ƙarato, ina za shi? Ya ce wannan ba matsalarsa ba ce. Wai shi ba ya ƙin taimako, amma ba zai ciyar da ɗan mai rumbu ba. Wai uban yaron ya fi shi hatsi, yana zaune a kan rumbu kamar kaza a kan ƙwai, ko tiya ɗaya bai aiko ba bana, rowa ce kawai da raina mutane, irin ta ƙauyawa masu kukan babu alhali suna da shi. Yana magana yana karkaɗa makullin mota, ga ƙamshin turare, ni kuwa ina tuna yaron da ke kurɓar fura sau ɗaya ya miƙa. Wallahi ban san lokacin da maganar ta fita ba.

Na ce, "Wane rumbu, Alhaji? Kara ne a ciki! Mutumin da ya ciyar da garinku har ya ƙare kake kira marowaci?"

Makullin ya daina motsi. Ya dube ni ya ce, "Malama, wa ya gaya miki?"

A nan hankalina ya iso, a makare kamar kullum. Na ga in na yi shiru zai gane Sanusi ne, sai na laluba na kamo ƙaryar da ta fi kusa. Na ce ai maganar mata ce, a bakin matan wajenku na ji a kasuwa. A ganina na yi dabara, na jefa maganar cikin taron da ba a iya kama kowa. Alhaji ya gyaɗa kai a hankali ya ce to, to, ashe haka ne, yaron ya ci gaba da zama. Ya shiga mota ya tafi. Ku ji wautata, ranar da murna na koma gida. Na ce a raina na ceci karatun yaro, na kuma koya wa mai kuɗi hankali.

Da yamma ina taya kakata tsince zogale sai na ba ta labarin a kaikaice, na ce wata abokiyar aikina ce ta yi. Tsohuwar nan ta ajiye faifan ta dube ni. Ta ce abokiyar taki ta kashe aure. Na ce kamar yaya? Ta ce ke 'yar birni ce ba ki san komai ba, a ƙauye mace ba ta leƙa rumbun mijinta, ko shekara nawa ta yi a gidan. Shi ke hawa ya ɗebo ya ba ta, ita nata sussuka da daka. Rumbu asirin namiji ne, macen da ta leƙa ta tsiraita shi. To in aka ce mata ne ke yaɗa abin da ke cikin rumbun wane, mace nawa ce ke kwana a gidan da rumbun yake? Na ce ɗaya ce. Ta ce to kin ba kanki amsa. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba, ba ta ƙara tambayata komai ba, amma ni na san kallon da ta yi mini ba na mai abokiya ba ne.

Magana zarar bunu ce. Alhaji ya je garin ranar kasuwa, ya zauna a majalisa ya ce har a birni an sani, a bakin mata ake ji. Bai ambace ni ba, ina jin don kada a tambaye shi abin da ya kai shi makaranta. Dattawa suka tashi suka je ƙofar Sarkin Noma suka ce ya yi haƙuri ya buɗe musu su gani, don rayukan iyalansu a kan rumbun nan suke. An ce bai yi musu ba. Da kansa ya jingina tsani ya hau, ya riƙa jefo karan ƙasa a gaban kowa har ya gama. Bai ce wa kowa ga inda geron ya tafi ba, waɗanda suka ci kuma babu wanda ya buɗe baki ya ce ni na ci. Kafin mako ya zagayo gidaje sun fara ɗaure kaya. Wasu na nan Zinder yanzu a kangaye, ina ganin irinsu a bakin hanya in kau da kai, don ban sani ba ko cikinsu akwai waɗanda ni na taso. Shi kuwa Sarkin Noma a ranar ya shiga gida ya tambayi matarsa, uwar Sanusi, ko ita ce ta leƙa. Daga nan ya yi mata saki ɗaya, ta koma gidan wanta ta wajen Gaffati da ƙananan yara.

Yaran garin su suka kawo labarin aji. Sanusi bai zo bita ba, washegari ma haka. Rana ta uku ya same ni ni kaɗai ina goge allo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Madam, ki gafarce ni, tambaya ɗaya zan yi. Maganar nan, ko da wasa, ta fita?"

Jama'a, ga ƙofa Allah ya buɗe mini. Me zai hana in ce ta fita, in durƙusa in ba shi haƙuri? Tsoro ne. Tsoron idon yaron nan, tsoron a ce Madam mai fura, uwar marayu, ita ce ta ci amana. Na ce haba Sanusi, ni? Bai nemi in rantse ba, yaro ne mai ladabi, ba zai taɓa nema ba. Ni na ƙara da kaina, na ce wallahi tallahi ban gaya wa kowa ba. Sai na ga ya saki numfashi, ya jingina da bango, ya ce alhamdu lillahi, da ya zaci shi ne ya kashe ubansa da rai. Sannan fuskarsa ta ɗaure irin yadda ban taɓa gani ba. Ya ce to ashe gaskiya ne Inna ce, ai ta ma amsa da bakinta. Na ce ta amsa? Ya ce e, da Baba ya tambaye ta ta ce ita ce ta hau ta leƙa, ta gaya wa wata a bakin rijiya. Ya ce shi ba zai iya kallon fuskarta ba yanzu.

Na rasa gane wannan. Yaya mace za ta amsa laifin da ni na san ba ita ta yi ba? Har na fara yi wa kaina huɗubar shaiɗan, ina cewa wataƙila ita ma ta leƙa ɗin, wataƙila maganar ta fita ta hanya biyu, wataƙila nawa bakin bai ƙara komai ba. Na riƙe wannan na samu na ɗan ci abinci. Sanusi kuwa ya dawo karatu da wani irin zafi, ya fi da ƙoƙari, kullum yana gefena, littafina ma shi ke ɗauka. Ya ce wa abokansa duk duniya yanzu mutum biyu ya yarda da su, ubansa da Madam. Duk ranar da ya gaishe ni sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ga kuma Alhaji, kullum gabana na faɗuwa, don rana ɗaya ya isa ya buɗe baki a gidansa ya ce ai malamarku ce ta fara gaya mini.

Shekaranjiya ina cikin darasi aka ce wata mata na nemana a bakin ƙofar makaranta. Na fita na tarar da ita a tsugune a inuwar katanga, siririya, zanenta ya koɗe, ƙafafunta sun yi fari fat da tafiya. Tun daga goshinta na gane uwar wa ce. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Inna ki shigo ciki, ta ce a'a nan ma ya isa, ba ta son ta ba yaron kunya a gaban abokansa. Ba ta kama sunansa ba ko sau ɗaya, ɗan fari ne, sai dai ta ce yaron nan, ko ɗalibinki. Ta ce ta san bai kamata mai idda ta yi ta yawo ba, amma lalura ce, ta biyo masu kawo itace ne ba da sanin wanta ba. Ta yi ta yi mini godiyar fura, ta ce labarina ya kai musu tun tuni, ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina kallon ƙasa ina roƙon ta tsage.

Sai ta matso ta rage murya. Ta ce, "Malama, zan gaya miki abin da ban gaya wa ko wana ba. Tun da aka kai ni gidan nan ban taɓa taka tsanin rumbu ba. Amma ranar kasuwar nan na dawo da wuri, na hango wanda ya hau tare da ubansa. Da maganar ta fito, na san ta inda ta fito."

Ta ce da mai gidan ya shigo yana tambaya, idonsa ja, ta ga in ba ta amsa ba tunaninsa zai koma kan mutum ɗaya da ya rage, kuma ta san shi, in ya furta abu ba ya janyewa. Ita in an sake ta tana da gidan wa, shi yaron in uba ya sallama shi ina za shi, da wace albarka zai shiga jarrabawa? Shi ya sa ta ce ita ce. Na ce Inna, to auren fa? Ta ce iddarta ta kusa cika. Dattawa sun je sasantawa, mai gidan ya ce ba ya zama da macen da ta tsiraita shi. In iddar ta cika shi ke nan, wanta ya riga ya ce ba zai iya riƙe su ba, za su bi ayarin masu tsallaka sahara zuwa arewa ita da ƙananan, inda ake cewa mata na samun abin sadaka. Ta ce ba ta so, tana jin abin da ake faɗa game da hanyar, amma Allah na nan. Abin da ya fi damunta shi ne mai gidan ba shi da mai dafa masa ko ruwan zafi, kuma tun ranar bai fita masallaci ba.

Na buɗe baki zan gaya mata ni ce, wallahi na buɗe. Sai ta riga ni. Ta kama hannuna da hannayenta biyu ta ce alfarma biyu ta zo nema. Ta farko, kada yaron ya san ta sani, a bar shi ya yi jarrabawarsa da zuciya ɗaya, gara ya yi fushi da ita da ya tsani kansa. Ta biyu kuwa ita ce ta hana ni runtsawa.

Ta ce, "Yaron nan ba mai surutu ba ne. In ya faɗa, to wanda ya yarda da shi ƙwarai ya gaya wa, cikin abokansa. Ke kin san su duka. Ki binciko mini ko wane ne. Ba don in yi masa komai ba, na yafe masa, yaro ne. Ki roƙe shi kawai, tun da ya kasa riƙe ta farko, ya dubi Allah ya riƙe wannan. Kada wata rana tausayina ya kama shi ya je ya faɗi gaskiya, ya ɓata mini abin da na gyara."

Na ce to, Inna. Abin da na iya cewa ke nan.

Muna nan aka tashi yara. Sanusi ya fito cikin abokansa, ya hango mu. Ta miƙe tana gyara mayafi, fuskarta ta ɗan saki. Ya tsaya, ya dube ta, sannan ya juya ya koma cikin makaranta. Ta bi bayansa da kallo har ya shige, ta ce mini ya rame, in riƙa matsa masa ya ci abinci. Na ce ta bari in sa kabu-kabu ya kai ta tasha, ta ce a'a, masu itace na jiranta.

Yanzu ga inda nake. In na je na gaya wa Sarkin Noma gaskiya, zai mai da matarsa kafin idda ta cika, amma zai tambaye ni inda na ji, kuma ba ni da wata ƙaryar da ta rage, ba na ma son in ƙara. Ranar zai san ɗansa ne, ga jarrabawa a bakin ƙofa, ga abin da ya furta a kan tsani. In na gaya wa Sanusi shi kaɗai, na san shi, a ranar zai ajiye littafi ya tafi ya durƙusa gaban ubansa ya ce ni ne, duk abin da uwarsa ta saya da aurenta ya tashi a banza. In na jira a gama jarrabawa, idda ta riga ta cika, wataƙila ma sun kama hanya. In kuma na yi shiru kamar yadda ta roƙa, to na bar mace ta shiga sahara da ƙananan yara a kan laifina, na bar ɗa yana juya wa uwarsa baya, ni kuma ina karɓar gaisuwarsa kowace safiya da rantsuwar ƙarya a wuyana. Sarbis ɗina ya kusa ƙarewa, ina iya tattara takarduna in tafi babu wanda zai taɓa sani, kuma ina jin kunyar gaya muku cewa wannan tunanin ma ya zo mini, ba sau ɗaya ba.

Malamai da ke karanta shafin nan, iyaye mata, da ku mutanen karkara da kuka san abin da ni ban sani ba, ku taimake ni. Shin roƙon da Inna ta yi mini amana ce da ya wajaba in riƙe, ni da na riga na ci ta ɗanta? Ko kuwa shirun nawa wani sabon zalunci ne? Akwai hanyar da dattijo irin wannan zai ji gaskiya ya yafe wa ɗansa? Jiya da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, unguwarmu kowa ya fito yana addu'a ruwa ya sauka, ni kaɗai na tsaya ina ƙirga kwanaki, don na san kowace rana da ta wuce daga cikin kwanakin matar nan take fita. Gobe da safe ina da darasi da ajinsu, zai zo ya karɓi littafina ya ce ina kwana Madam.

Don Allah ku gaya mini, me zan yi?